Giram Biyu da Rabi da Suka Ɓata a Kicin

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Jidda: "Ni ce babba a gidanmu. Ƙanena yana aji biyu na sanawiyya (babbar sakandare), kuma sau biyu a jere yana faɗuwa jarrabawar kemistiri, duk a kan daidaita mu'adala (layin da ke nuna sinadaran da suka haɗu da abin da suka haifar) da ƙidayar zarra (atom). Hadda yake yi, da an sauya masa tambaya sai ya tsaya cak. Na ce bari in nuna masa da idonsa cewa nauyi ba ya ɓacewa idan sinadarai suka haɗu. Na auna giram 5 na bikarbonat (bekin soda) da rabin kofi na khal (binega), na haɗa su a kan sikelin kicin, sai nauyin ya ragu da giram 3. Na sake yi a kwalba, na rufe bakinta da balan-balan, ya ragu da giram 2. Yanzu dariya yake yi mini, wai dokar ƙarya ce, kuma ya daina zama da ni. Abbanmu ya ce idan ya sake faɗuwa zai cire shi ya kai shi shagon kawu. Me zan yi?"

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Gwajinki bai lalace ba, ko na farko ko na biyu. Abin da sikeli ya nuna miki shi ne daidai abin da ya kamata ya nuna, kuma ana iya lissafa shi a takarda tun kafin a buɗe kwalbar khal. Yaron da ya ga lamba ta sauka ya ce "ina sauran?" ya yi tambayar da ta dace, ko da cikin tsokana ya yi ta. Aikinki shi ne ki miƙa masa biro ya nemo sauran da kansa.

Ga abin da ya faru a cikin kofin:

NaHCO₃ + CH₃COOH → CH₃COONa + H₂O + CO₂

Ki sa ya ja layi a tsakiyar takarda, ya ƙirga hagu. A bikarbonat akwai sodiyam 1, haidurojin 1, kabon 1, oksijin 3. A asid ɗin khal akwai kabon 2, haidurojin 4, oksijin 2. Jimla ke nan sodiyam 1, haidurojin 5, kabon 3, oksijin 5, ƙwayoyin zarra 14. Sai ya koma dama: gishirin da ya samu yana da kabon 2, haidurojin 3, oksijin 2, sodiyam 1, ruwa yana da haidurojin 2 da oksijin 1, iskar CO₂ tana da kabon 1 da oksijin 2. Ya tara, 14 zai sake samu, kowane iri da adadinsa na ɗazu. Abokan zama kawai suka sauya.

Kowace zarra tana da nauyinta a jadawalin da ke littafinsa: haidurojin 1, kabon 12, oksijin 16, sodiyam 23. Bikarbonat ya zama 23 da 1 da 12 da 48, wato 84. Asid 60. Hagu 144. A dama gishiri 82, ruwa 18, iska 44, su ma 144. Ma'anar wannan a kicin ita ce duk giram 84 na bikarbonat zai saki giram 44 na iska. Ke giram 5 kika zuba. 5 sau 44 a raba da 84 ya ba da giram 2.6. Kumfar nan da kika ga tana tashi tana fashewa, ita ce giram 2.6 ɗin tana fita daga kofi ta bi iskar ɗaki. Sikelin kicin ba ya nuna abin da bai kai giram ɗaya ba, shi ya sa ya ce miki 3. Wata rana 2 zai ce. Khal ɗinki kuwa ya wadatar, domin giram 5 na bikarbonat yana buƙatar asid giram 3.6, kuma a khal na kasuwa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 wannan bai wuce mililita 70 da ɗoriya ba.

Na balan-balan ne ya fi ɗaure kai, kuma ba ke kaɗai ya taɓa kunyatawa ba, don ko a aji ana yin sa a rasa bayani. Iskar ba ta gudu ba, tana nan cikin balan-balan. Amma giram 2.6 na CO₂ yana cin wuri kusan lita 1.4 a zafin ɗaki. Da balan-balan ya kumbura sai ya ture iskar ɗaki mai wannan girman, ita kuma ta tallafe shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyinta. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana da kusan giram 1.2. Lita 1.4 sau 1.2 ya ba da kusan giram 1.7, sikelinki ya cike ya ce 2. Kayan da ke cikin kwalbar, abin da littafinsa ke kira kutla, ba su ragu ba. Dannawar da suke yi wa sikeli ce ta ragu. Ƙari a kan haka, CO₂ tana ratsa robar balan-balan a hankali, in aka bar shi ya daɗe za a yi asarar gaske. Saboda haka ki ajiye balan-balan. Ana buƙatar mazubin da girmansa ba ya sauyawa.

Ki sami gorar lemo mai gas ta lita ɗaya da rabi, da murfinta na asali. Irin wannan gora an yi ta ne don ta jure matsi. Kada ki yi da kwalbar gilashi ko kaɗan, kada kuma ki yi da siririyar gorar ruwan sha. Ki zuba khal mililita 50. Ki auna bikarbonat giram 2 kacal, ki naɗe shi a tishu siriri, ki ɗaure da zare, ki saƙala zaren a bakin gorar yadda ƙullin zai rataya a sama bai taɓa khal ba, sannan ki murɗa murfin sosai. Zaren ya zama na ɗinki, mai kauri yana hana murfi zama. Ki goge jikin gorar ya bushe, ki auna, ya rubuta lambar da hannunsa. Sai ki karkata gorar khal ya jiƙa ƙullin, ki jijjiga a hankali har kumfa ta kwanta. Gorar za ta yi tauri a hannu, kuma za ta ɗan yi sanyi, don wannan haɗuwa zafi take sha. A damshin Jidda raɓa na iya kwanciya a jikinta, ki sake gogewa kafin ki auna. Lambar za ta tsaya inda take, ko ta motsa da abin da bai wuce 0.1 ba.

Giram 2 zai ba da giram 1.05 na iska, kusan lita 0.6, wanda ke ƙara matsin da bai kai rabin na iskar waje ba. Kada ki ce bari ki ninka don abin ya fi armashi, giram 2 ya isa. Sikelin kicin ba zai iya ganin wannan ba. Ki nemi ɗan ƙaramin ma'aunin aljihu mai nuna 0.1 ko 0.01, irin na masu gwal da masu turare, ki duba iyakar nauyin da yake ɗauka kafin ki ɗora gora. A kashe fanka, a kauce wa bakin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), iska tana wasa da irin wannan ma'auni.

Bayan nan ki sassauta murfin a hankali, bakin gorar yana kallon nesa da fuska. Za ku ji "fuss". Ki mayar da murfin, ki auna. Kada ki yi mamaki idan kika ga ragin 0.7 ko 0.8 maimakon 1.05. Abin da ya fita gauraye ne da iskar da ke cikin gorar tun farko, kuma CO₂ ta fi iska nauyi, wata ta zauna a ciki. Ki buɗe, ki matsa gorar ki saki sau da yawa don sabuwar iska ta shiga, lambar za ta ci gaba da sauka har ta doshi 1.

Wannan ita ce dabarar da aka kafa dokar da ita tun asali. Lomonosov a Rasha a 1756, da Lavoisier a Faransa a 1774, ƙarafa suka gasa a cikin mazubin gilashi da aka liƙe bakinsa. Lavoisier ya gasa kuza, ya auna kafin da bayan, nauyi bai motsa ba. Da ya fasa bakin sai iska ta ruga ciki, nauyi ya ƙaru, domin kuzar ta riga ta cinye wani ɓangare na iskar da ke ciki. Nasa iska ce ta shiga, naki fita ta yi. A 1789 ya rubuta dokar a fili, a 1808 kuma Dalton a Ingila ya kawo dalilinta: zarra ba ta ƙirƙiruwa ba ta halaka a haɗuwar sinadarai, tsarinta ne ke sauyawa.

Amma gwajin da muke ganin zai fi juyo da hankalin ƙanenki wani ne daban, kuma sikelin kicin ya ishe shi. Ki auna farantin gashi na gilashi ko na sitil, ba na alminiyam ba, ki rubuta nauyinsa. Ki zuba bikarbonat giram 84 daidai, ki baza shi ya yi faɗi. Ki tabbatar bikarbonat ne zalla, ba bekin fauda ba, wadda aka gauraya da sitaci da wani asid. Kafin a sa a oben ki ce masa: zafi zai fasa wannan gari, iska ta fita, wani farin gari ya rage. Ɗaya daga cikin ukun nan ne zai rage, NaOH ko Na₂O ko Na₂CO₃. A ido duk fari ne. Ka lissafa mini giram nawa zai rage a kowanne.

Idan NaOH ne, mu'adalar ita ce NaHCO₃ → NaOH + CO₂, sai giram 40 ya rage. Idan Na₂O ne, 2NaHCO₃ → Na₂O + 2CO₂ + H₂O, giram 168 zai bar 62, wato naki 84 zai bar 31. Idan Na₂CO₃ ne, 2NaHCO₃ → Na₂CO₃ + H₂O + CO₂, giram 168 zai bar 106, naki zai bar 53. Ya rubuta lambobin uku, 40 da 31 da 53, ya zaɓi wadda yake zato, ki ajiye takardar. A gasa a digiri 200 na awa ɗaya, ana motsawa sau ɗaya ko biyu. A fitar, a rufe, a bar shi ya huce kafin a auna. Faranti mai zafi yana ɓata lamba, yana kuma ɓata sikeli. A cire nauyin farantin. Idan kuka sami 58 ko 60, gashi bai kammala ba, a mayar na rabin awa a sake aunawa, har sai an sami lamba ɗaya sau biyu a jere. Za ta tsaya a 53, ko giram ɗaya sama ko ƙasa. In ta faɗi ƙasa da 51, ko dai garin ya sha damshi tun a kwali, ko wani ya zube wajen motsawa. Abin da ya rage sodar wanki ce: ba ta shiga abinci, tana busar da fata, a kiyaye ido da ita.

Yaro ya zauna da biro ya faɗi abin da oben zai yi kafin ya yi, wannan ba abin da hadda ke bayarwa ba ne, kuma shi ma zai gane hakan ba sai kin faɗa masa ba.

Zai iya kawo miki maganar gawayi, domin ita ce hujjar kowa: an zuba gawayi a kasko don turaren wuta, toka 'yar kaɗan ta rage. Amsar ita ce C + O₂ → CO₂. Giram 12 na kabon yana jawo giram 32 na oksijin daga iska, ya tashi a matsayin giram 44. Abin da ya tashi ya fi gawayin nauyi har kusan ninki huɗu, ido ne ba ya ganinsa. Tokar ma'adinan da ke cikin itacen ne waɗanda ba sa ƙonewa. Idan kuma iska ta yi ƙaranci sai ya zama 2C + O₂ → 2CO, iskar nan mara wari mai kisa, dalilin da ya sa ba a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Ƙarfe kuma akasin haka yake nunawa: idan ya yi tsatsa nauyinsa ƙaruwa yake, don oksijin ɗin da ya kama yana nan manne da shi. A 4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃, giram 224 na ƙarfe yana komawa 320.

Yanzu ga inda maki ke zubewa a jarrabawa. Yawancin yaran da ake cewa ba su iya daidaita mu'adala ba, ƙidayar ce ba su iya ba, kuma ba wanda ya tsaya ya duba. Kafin ki ba shi mu'adala ko ɗaya, ki ba shi sinadari guda ya ƙirga. Ƙaramar lambar da ke ƙasa ta harafin da ke gabanta ce shi kaɗai: a H₂O, biyun ta haidurojin ce, oksijin ɗaya ne. Idan ƙaramar lamba ta zo bayan baka, tana ninka duk abin da ke cikin bakan: a Ca(OH)₂ oksijin 2 ne, haidurojin 2. Babbar lambar da ke farko, mu'amil, tana ninka komai har ƙarshen sinadarin. Ki gwada shi da Al₂(SO₄)₃, wanda ake tace ruwa da shi: alminiyam 2, salfa 3, oksijin 12. Idan ya ce oksijin 7 ne, tarawa yake yi a inda ya kamata ya ninka, kin gano ciwon ke nan. Sai ki sa 3 a farko: 6 da 9 da 36. Sannan jibs ɗin da ake yin silin da shi, CaSO₄·2H₂O. Ɗigon tsakiya ba alamar ninkawa ba ce, yana nufin ruwa biyu na manne, don haka oksijin 4 da 2 ne, wato 6, haidurojin 4. Na ƙarshe NH₄NO₃, inda naitirojin ya ɓuya a wuri biyu. Da yawa ɗaya suke gani.

Akwai wasu kurakurai biyu da suka fi kama yaran da ke karatu da Larabci. Bayanin littafi yana tafiya daga dama zuwa hagu, mu'adala kuma daga hagu zuwa dama. Idon da ya saba farawa daga dama yakan ɗauki abin da aka samu a matsayin abin da aka zuba. Ya riƙa ɗora yatsa a kan kibiya tukuna: abin da ke bayanta shi aka zuba, abin da tsininta ke nunawa shi aka samu. Idan abokansa suna turo masa tambayoyi ta WhatsApp a cikin rubutun Larabci, waya takan juya tsarin, ƙananan lambobi kuma su hau layi su yi kama da mu'amil; ya kwafe a takarda kafin ya fara. Na biyu, rubutun Larabci ba shi da babban baƙi da ƙarami, don haka hannu ba ya ba abin muhimmanci. Co ƙarfen kobalt ne, CO kuwa kabon da oksijin ne. Malami ba zai yafe wannan ba, kuma yana da gaskiya.

Wajen daidaitawa doka ɗaya ce ba a taɓawa: ƙananan lambobi ba a sauya su. Yaro yana ganin H₂ + O₂ → H₂O, oksijin biyu a hagu ɗaya a dama, sai ya maƙala 2 a ƙasa ya rubuta H₂O₂. Lissafi ya daidaita, amma ya mayar da ruwan sha ya zama maganin wanke ciwo. Mu'amil kaɗai ake sakawa: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Ya kuma riƙe cewa bakwai ne ke tafiya bibbiyu idan suna su kaɗai: H₂, N₂, O₂, F₂, Cl₂, Br₂, I₂.

Ki ɗauki gas ɗin girki a matsayin misali, tunda silindar da ke kicin ɗinku gaurayen furofen da butan ce. Furofen yana da sauƙi. C₃H₈ + O₂ → CO₂ + H₂O. A fara da kabon: uku a hagu, a sa 3 gaban CO₂. Haidurojin takwas, a sa 4 gaban H₂O. Sai a ƙirga oksijin na dama, 6 da 4, goma, a sa 5 gaban O₂. Ana barin oksijin a ƙarshe ne don yana tsaye shi kaɗai a hagu, duk lambar da aka ba shi ba ta ɓata wa kowa lissafi. A duba da nauyi: 44 da 160 a hagu, 132 da 72 a dama, 204 kowane ɓangare.

Butan ne ke kayar da yara. C₄H₁₀: a sa 4 gaban CO₂, 5 gaban H₂O, oksijin na dama ya zama 8 da 5, wato 13. O₂ kuwa bibbiyu yake zuwa, 13 ba ta rabuwa biyu. A nan yaro yake ruɗewa ya fara goge abin da ya riga ya yi daidai. Ya rubuta 13/2 ba tare da tsoro ba, sannan ya ninka kowace lamba da 2, har da ta butan wadda ba a rubuta ba:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Mantawa da wannan 1 da ba a gani shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki. Idan kuma rukuni kamar SO₄ ko PO₄ ya fito a ɓangarorin biyu bai fashe ba, a ƙirga shi a dunƙule kamar abu ɗaya, aikin zai ragu da rabi. Kuma duk lokacin da ya sauya lamba ɗaya, ya sake ƙirga duka. A kwanakin farko ki zuba masa wake da masara da gyaɗa a faranti, kowanne ya tsaya a madadin zarra iri ɗaya, ya gina hagu, sannan ya wargaza ya gina dama da su ɗin dai, ba ƙari ba ragi. Zai ce wasan yara ne. Ki bar shi ya faɗa, ya dai yi.

Mol ba wani abin tsoro ba ne idan ƙidaya ta zauna. Mai shagon kayan gini ba ya ƙirga ƙusa ɗaya-ɗaya, ya san nauyin ɗari, sai ya ɗora a ma'auni. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne, lambar Avogadro, kuma nauyinsa a giram shi ne lambar nan da ya tara daga jadawali: ruwa 18, CO₂ 44, bikarbonat 84. Giram 84 da kuka gasa mol ɗaya ne cif. Hanyar ba ta sauyawa: daga giram a koma mol ta hanyar rabawa, a bi mu'amil a tsallaka zuwa ɗaya sinadarin, a dawo giram ta hanyar ninkawa. Mu'amil ba giram yake ƙirgawa ba. Wanda ya karanta N₂ + 3H₂ → 2NH₃ ya ce giram 1 da giram 3 sun ba da giram 2 ya ɓata. Giram 28 ne da giram 6 suka ba da 34, kuma da wannan lissafin ake sarrafa amoniya ta takin zamani a masana'antun garin Jubail na Saudiyya.

Wannan mu'adalar tana nuna wani tarko da ake yawan ɗanawa a tambayoyin zaɓi, irin na Tahsili, jarrabawar shiga jami'a a Saudiyya, da zai tarar nan gaba. Mol huɗu suka shiga, biyu suka fito. Adadin mol ba dole ya tsaya ba, adadin molekul (zarra da suka haɗu suka zama ƙwaya ɗaya) ma haka, girman iska ma haka. Abu biyu ne ke tsayawa: adadin kowace irin zarra, da jimlar kutla. Ɗaya tarkon kuma shi ne a ba shi giram 4 na haidurojin da giram 40 na oksijin a ce ruwa nawa za a samu. Mai gaggawa zai tara ya ce 44. Giram 4 ba ya iya cin fiye da 32, don haka ruwa 36 ne, oksijin 8 ya rage bai sami abokin haɗuwa ba. Jimla dai 44 ce, amma ba duka ne ruwa ba. In ya taso da maganar Einstein don ya kayar da ke, ki ce masa gaskiya ne zafin da ke fita yana tafiya da ɗan nauyi, amma a wannan giram 36 na ruwa kusan kashi 6 ne cikin biliyan na giram ɗaya, babu ma'aunin ɗakin gwaji da zai gan shi.

Game da zamanku kuwa, kada ki koma masa da "ka ga ni ce da gaskiya". Saurayi mai shekarunsa ba ya son yayarsa ta kayar da shi, balle a gaban ƙanne. Ki ce masa kin sami inda giram ukun suka tafi amma kina son ya duba miki lissafin. Shi zai riƙe sikeli, shi zai rubuta. Zama ya zama gajere, minti ashirin bayan Magariba ko bayan Isha, kullum, ya fi awa uku ranar Juma'a. Makon farko ƙidaya kawai, sinadarai goma a rana. Mako na biyu daidaitawa, biyar a rana, da jadawalin hagu da dama a ƙarƙashin kowace. Sai a na uku a shiga giram da mol. Ki karɓo takardun jarrabawar da ya faɗi ku bi su tambaya-tambaya, ki ware kuskuren ƙidaya daban, na ƙananan lambobi daban, na rabawa da ninkawa daban. Sau da yawa kuskure iri ɗaya ne yake maimaituwa ya cinye rabin makin. Ya saba yin lissafin da hannu, kada ya jingina da kalkuleta. Idan bayan mako uku har yanzu 5 sau 44 a raba da 84 ke tsayar da shi, matsalar ta lissafi ce ba ta kemistiri ba, sai a nemi mai koya masa kason lamba da nisba.

Abba kuma kada ki yi jayayya da shi a kan shago. Damuwarsa kada yaro ya ɓata shekaru ne, kuma ba laifi ba ne. Ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance, ko ki bi ta wajen Umma, ki roƙe shi ya ba ku zuwa jarrabawa ta gaba. Ranar gashin bikarbonat ki gayyato shi ya riƙe takardar da aka rubuta 40 da 31 da 53, shi ya karanta abin da sikeli ya nuna.

A ƙarshen mako na biyu ki ba ƙanen naki waɗannan ukun, littafi a rufe: Fe + O₂ → Fe₂O₃, sai Al + H₂SO₄ → Al₂(SO₄)₃ + H₂, sai Ca(OH)₂ + H₃PO₄ → Ca₃(PO₄)₂ + H₂O. Amsar ta farko 4, 3, 2. Ta biyu 2, 3, 1, 3. Ta uku 3, 2, 1, 6. Idan ta ukun ta ba shi wahala, ki duba ko ya fasa PO₄ yana ƙirga oksijin ɗinta ɗaya-ɗaya. Ya dunƙule ta, ya fara da kalsiyam, ya bar ruwa a ƙarshe.